Tsohon sunan shafi ko sabo: yadda za ka zaɓa kafin kuɗinka ya fita

Kwanakin baya wani Alhaji mai dillancin albasa da tattasai a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya kira ni bayan Magariba. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, yaron nan mai yi mini harkar waya ya samo wani suna na intanet, wai ya haura shekara goma, mai shi ya sake shi. Ya ce in na saya, Google zai ɗora ni a sama nan da nan. In tura kuɗin?"

Na ce, "Alhaji, a ɗan dakata. In an kawo sa a karar Oko-Oba aka ce ga shekarunsa, ai sai an buɗe baki an ga haƙori. A bar ni in duba haƙorin wannan zuwa gobe."

Washegari na same shi a rumfarsa, muka zauna a kan buhunan albasa, na buɗe tarihin sunan a wayata. Shekarunsa na farko shafin wata makarantar koyon ɗinki ne a ƙasar waje, tsaf da shi. Daga nan sai shiru. Da ya dawo, fuskar shafin ta cika da hotunan karta da injinan caca masu ƙyalli, da rubutu cikin harshen Indunusiya. Alhaji ya karɓi wayar, ya matso da ita kusa da idonsa, ya yi salati, ya miƙo mini. Maganar ta mutu a nan.

Ina rubuta wannan ne domin ba shi kaɗai ake kawo wa irin wannan tallar ba. Daga Agege zuwa Idi-Araba zuwa Obalende, 'yan'uwanmu masu kilishi, masu turaren wuta, masu jigilar kaya zuwa Arewa, duk sun fara buɗe shafuka, kuma kowa akwai mai raɗa masa cewa da tsohuwar zuma ake magani. A wannan harkar tsufa shi kaɗai ba ya magani. Abin da ake saye a tsohon suna tarihinsa ne, kuma tarihin nan yana iya zama gado, yana iya zama bashi.

Fara da sanin abin da ake sayar maka

Sunan shafi, wanda masu harkar ke kira domen, shi ne adireshin da ake bugawa a shiga shafinka, irin mai ƙarewa da .com ko .com.ng. Ba mallaka ake yi ba, haya ce ta shekara-shekara. Kamfanin Verisign ne ke riƙe da rajistar .com, hukumar ICANN da aka kafa a 1998 ce ke shimfiɗa ƙa'idoji, mu kuma a Najeriya ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005 kuma ofishinta na nan Legas, ita ke kula da .ng.

In mai sunan .com bai sabunta hayarsa ba, sunan ba ya faɗowa kasuwa ranar. Akwai wa'adin sassauci da kan kai kwana 45, ya danganta da kamfanin rajistar. Bayansa akwai kwana 30 na fansa, inda mai shi zai iya karɓo abinsa amma da tara mai tsada. Sannan kwana 5 na jiran sharewa, sai a sake shi, kowa ya iya kamawa. Wannan lissafin na .com da .net ne, na .ng kuwa ka tambayi kamfanin da za ka yi rajista a wurinsa, don NiRA da nata tsarin.

Saboda haka tsofaffin sunaye iri biyu ne. Akwai wanda manyan kamfanonin rajista irin su GoDaddy ke kai wa gwanjo tun kafin a share shi, wannan yakan zo da ainihin ranar rajistarsa ta farko. Akwai kuma wanda ya faɗi gaba ɗaya, kamfanoni irin su DropCatch da SnapNames suka cafke shi cikin daƙiƙa, ko kuma ba wanda ya kula shi. Wannan ranar rajistarsa sabuwa ce fil. Shafin ExpiredDomains.net yana jera su kyauta ga mai son gani.

To me ya sa ake rububinsu? Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, ɗaya daga cikin ginshiƙan lissafinsa shi ne mahaɗi, wato wani shafi ya sa adireshinka a cikin rubutunsa yadda mai karatu zai latsa ya zo wurinka. Google na ɗaukar wannan kamar shaida: jarida mai mutunci ta nuna ka, to kai ma akwai abin dubawa a wurinka. Tsohon suna yana iya zuwa da irin waɗannan shaidu da wani ya tara cikin shekaru. Su ne kayan, ba shekarun ba. John Mueller na Google ya sha faɗa cewa daɗewar suna ba ta ƙara masa matsayi.

Tambayi kanka: sana'ata ɗaya da ta tsohon mai sunan?

Wannan tambayar ita ce ke raba gardama, kuma yawancin masu tallar ba sa son a yi ta. Ka ɗauka ka karɓi shago a Balogun wanda mai shi ya shekara ashirin yana sayar da atamfa. In kai ma atamfa za ka sa, tsofaffin masu saye za su zo su tarar da abin da suka saba. In ka cika shi da batirin mota, duk wanda ya leƙo zai juya. Mahaɗan da ke nuna tsohon suna haka suke: an sa su ne saboda wani abu takamaimai, in abin ya canja sun zama shaidar da ba ta shafe ka ba.

Kuma yanzu abin ya wuce rashin amfani kawai. A watan Maris na 2024 Google ya sa wannan a jerin laifuffukansa a fili: sayen sunan da wa'adinsa ya ƙare domin a hau tsohon mutuncinsa a cusa rubutu maras amfani. Misalan da ya bayar sun haɗa da shafin caca a kan tsohon sunan makarantar firamare, da tallar kayan magani a kan sunan wata tsohuwar ƙungiyar agaji ta lafiya. A sanarwar dai ya ce ba laifi mutum ya ɗauki tsohon suna ya gina sabon shafi na gaskiya don amfanin mutane. Niyya da aiki ake dubawa.

In amsarka ita ce "sana'armu ba ɗaya ba ce", ka tsallake zuwa maganar sabon suna a ƙasa, ka huta. In kuwa ɗaya ce, ko dab da juna, sai a shiga bincike. Kada ka tsallake ko mataki ɗaya.

Binciken tsohon suna

Na farko, kuma mafi muhimmanci, Wayback Machine. Yana adireshin web.archive.org, na cibiyar Internet Archive ne da Brewster Kahle ya kafa a 1996, kuma kyauta ne. Buga sunan, za ka ga layin shekaru a sama da kalanda mai ɗigo-ɗigo a ƙasa. Kowane ɗigo hoton shafin ne a wannan ranar. Kuskuren da ake yi shi ne a buɗe ɗigo ɗaya na shekarar farko, a ga abu mai kyau, a rufe. A'a. Buɗe aƙalla biyu a kowace shekara, ka fi zura ido a shekaru biyu ko uku na ƙarshe, domin a nan ɓarnar take ɓuya. Sau da yawa mai asali ya saki sunan, wani ya kama ya tatse shi da caca ko batsa ko maganin ƙarfin maza, Google ya gane ya jefar da shi, sannan aka dawo da shi kasuwa ana tallarsa da shekarun mai asali. Abubuwan da za su sa ka tashi ka bar cinikin: harshe ya canja kwatsam zuwa na Sin ko Japan ko Indunusiya ko Rasha, shafin ya koma tura mutane wani wuri daban, rubuce-rubuce barkatai a kan inshora yau, gobe takalma, jibi bashi, kowanne da mahaɗi zuwa wani kamfani. Wannan na ƙarshen alama ce ta an yi amfani da shi a matsayin gonar sayar da mahaɗai. In ka ga shafin fayau da 'yan tallace-tallace da rubutun "ana sayarwa" na tsawon shekaru, ba laifi ba ne, amma ka san cewa mutuncin da ake faɗa ya daɗe da yin sanyi.

Na biyu, mahaɗan kansu. A nan ne ake yi wa mutanenmu wasa da lamba. Mai talla zai turo maka hoto ta WhatsApp: DA 45, DR 52. Ka sani DA awon kamfanin Moz ne, DR na kamfanin Ahrefs, Majestic ma da nasa. Duk ƙiyasi ne na 'yan kasuwa a kan ma'aunin 100, Google ba ya aiki da ko ɗaya, kuma ana iya kumbura su da tarkacen mahaɗai na 'yan daloli. Google ya daina nuna nasa awon ga jama'a tun 2016. Don haka kada ka sayi lamba. Shiga ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni, suna nuna wani ɓangare kyauta, ka fitar da jerin shafukan da ke nuna sunan, ka ɗauki ashirin na sama ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya da hannunka. Shafin na nan da rai? Mahaɗin na cikinsa har yanzu? A tsakiyar labari yake, ko a can ƙasa cikin sharhin da inji ya zuba? Mahaɗi biyar daga jaridu da jami'o'i da ƙungiyoyin sana'arka sun fi dubu biyar daga shafukan da ba mai karanta su. Duba kuma kalmomin da aka rubuta a kan mahaɗin. Na lafiya yakan zama sunan kamfanin ne ko adireshin kansa. In ka ga kalmomin caca da magunguna da baƙin haruffa sun yi yawa, an riga an ɓata shi.

Akwai abin da ya kamata a fahimta a nan. Tun sabuntawar da ake kira Penguin a Afrilun 2012 Google ke yaƙi da mahaɗan bogi, daga 2016 kuma ya fi karkata ga share darajarsu kawai, ya ƙara ƙaimi a Disambar 2022. Ma'ana, kana iya biyan kuɗi mai yawa saboda mahaɗan da Google ya daɗe da daina ƙirgawa, kuma babu manhajar da za ta nuna maka haka.

Na uku, je Google ka rubuta site: ka liƙa sunan a jikinsa ba tazara. In sunan bai daɗe da mutuwa ba kuma shafukansa suka fito da rubutu mai ma'ana, alama ce mai kyau. In babu komai, ba hujja ba ce ta hukunci, don sunan da ya daɗe a rufe dole ya ɓace. Amma wanda jiya-jiya yake aiki kuma babu ko shafi ɗaya, akwai ayar tambaya. Sannan ka buga sunan haka kawai, ka ga me mutane suka ce a kansa. A garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. In an taɓa damfarar mutane da sunan, ko an yi tsarin zuba kuɗi na ƙarya da shi, koke-kokensu na nan a Nairaland da Facebook, kuma kai za su tarar.

Na huɗu mai sauri ne: duba shi a shafin Google Safe Browsing ko an yi masa tambarin cutarwa, duba a Spamhaus ko MXToolbox ko yana jerin masu aika saƙonnin shara, don in yana ciki imel ɗinka ba zai riƙa isa ba. Gwada kuma liƙa adireshin a Facebook ka ga ko zai karɓa. Ga mai sayar da kaya a Legas, adireshin da Facebook da Instagram suka toshe ya mutu, komai matsayinsa a Google.

Na biyar, sunan wani ne? In ya yi kama da tambarin kamfani mai rajista, akwai tsarin UDRP tun 1999 da ke ba mai tambari damar kai ƙara, galibi a hukumar WIPO da ke Janeba, a ƙwace sunan a ba shi, kuɗinka kuma ya tafi. Bincika a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ko akwai kamfanin Najeriya mai wannan suna da ke aiki.

Sai sunan da ya fita lafiya daga duka binciken biyar ɗin ake maganar farashi. Kafin ka shiga gwanjo ka yanke iyakar abin da za ka biya, ka rubuta a takarda. Gwanjon da dala ake yi, minti na ƙarshe kuma zuciya takan hau. Auna kuɗin da abin da zai yi maka in ka zuba shi a hotunan kaya masu kyau da rubutu na wata shida. In daga hannun mutum za ka saya, kada ka tura kuɗi kai tsaye. A bi ta amintaccen mai riƙon amana irin Escrow.com ko kasuwar kamfanin rajistar, sai sunan ya shigo asusunka a saki kuɗin. Ka kuma san cewa sunan .com da aka yi wa sabuwar rajista ko aka ƙaurar yakan kulle kwana 60 kafin a iya sake ƙaurar da shi.

In ka saya

Ranar farko ka haɗa shi da Google Search Console, shafin da Google ke nuna wa mai suna halin da shafinsa ke ciki, ka shiga sashen tsaro ka duba ko akwai hukuncin da ma'aikatan Google suka yanke masa da hannu. Wannan ba ya ganuwa daga waje, sai mai sunan, shi ya sa komai ƙwarewar mai bincike akwai ragowar kasada. In akwai hukunci, sai ka gyara, ka aika roƙon a sake dubawa, ka bayyana cewa kai sabon mai shi ne.

Daga nan ka koma jerin mahaɗan nan masu kyau, ka ga wane shafi na ciki kowanne ke nunawa. Gina sabon shafi a wannan adireshin da rubutunka a kan maudu'in, ko ka juya shi da lambar 301, wato umarnin tura mai shiga wani shafi dindindin, zuwa mafi kusa da shi a ma'ana. Kada ka kwashe duka ka juya su zuwa fuskar gida, wato shafin farko. Google kan ɗauki irin wannan kamar shafin babu shi. Kada kuma ka kwafo rubutun tsohon mai shi daga Wayback Machine ka liƙa. Suna ka saya, ba guminsa ba.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, kuma yana damuna: wasiƙun tsohon mai sunan za su iya ci gaba da shigowa in ka buɗe imel a kansa, har da na banki da na abokan cinikinsa. Amana ce ta faɗo hannunka. Kada ka buɗe akwatin da ke kama kowane saƙo, kada ka taɓa abin da ba naka ba.

Sabon suna, wanda shi nake ba yawancin mutanenmu shawara

Dalilina a fili yake. Mai kilishi a Agege ba da jaridun Amurka yake takara ba. Masu nemansa suna buga abu ne kamar kilishi a Legas, ko motar kaya zuwa Kano, kuma abin da ke fitowa a saman irin wannan binciken taswira ce da shagunan kusa. Abin da ke kai mutum can shi ne rajistar Google Business Profile, wato sa shagonka a taswirar Google, wadda kyauta ce, da adireshi na gaskiya, da lambar waya mai shiga, da hotuna, da sharhin waɗanda suka saya. Mahaɗan wata tsohuwar makarantar ɗinki a wata nahiya ba su da abin da za su ƙara a nan. In kuma da Hausa kake rubutu, filin ma a buɗe yake, don masu rubuta abu mai inganci da Hausa a kan sana'o'i ba su da yawa.

Wajen zaɓe, gwajin da nake yi ɗaya ne: kira wani a waya kana tsaye a Oshodi, danfo na ta oda, ka faɗa masa sunan sau ɗaya. In ya rubuta daidai, sunan ya yi. Gajere, ba ɗan layi (-) a tsakiya, ba lamba. Guji kalmomi masu ƙ da ɗ da ɓ, domin a adireshi za su koma k da d da b, wani lokaci ma'anar ta juye. Ka tuna kuma rabin masu sayenka Yarabawa ne da Ibo, su ma su iya furtawa. Kada ka cusa kalmomin bincike a sunan har ya zama jimla. Tun Satumbar 2012 Google ya rage wa irin waɗannan sunaye tasiri in shafin ba shi da inganci.

Tsakanin .com da .com.ng kuwa, in kasuwarka Najeriya ce, .com.ng ko .ng na shaida wa Google ƙasar da kake nufi, ana biya da naira a wurin kamfanonin da NiRA ta amince da su, kuma gajerun sunaye masu daɗi sun fi samuwa. In kana fitar da zoɓo ko citta ko riɗi ta Apapa zuwa waje, ɗauki .com, wanda sabo bai wuce dala goma sha wani abu ba a shekara. Mai hali ya kama duka biyun ya juya ɗaya zuwa ɗaya.

Ko sunan da ka ƙirƙira da kanka, ka duba shi a Wayback Machine kafin ka biya. Rajistar .com ta faro tun 1985, sunaye da yawa da ake gani kamar sababbi an taɓa zama a cikinsu. Minti biyar ne.

Sai haƙuri. Jagorar Google da kanta ta ce irin wannan aikin yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. Haɗa Search Console, miƙa masa taswirar shafukanka, wato jerin adireshinsu, rubuta amsar tambayoyin da masu saye ke yi maka kullum a waya: nawa ne kilo, kuna kaiwa Lekki, kwana nawa yake yi bai lalace ba. Nemi ƙungiyar kasuwarku da abokan hulɗarka su sa adireshinka a nasu shafukan.

Abu na ƙarshe, wanda ya shafi tsoho da sabo duka, kuma na ga ya sa manya kuka: a yi rajistar da sunanka da imel ɗinka, ba na yaron da ya haɗa maka shafin ba. Wata Hajiya mai turaren wuta a Idi-Araba ta shekara uku tana buga adireshinta a kwalabe da leda. Wanda ya yi mata rajista ya bar gari, layinsa ya daina shiga, saƙonnin tunatarwa suna ta zuwa akwatinsa ba wanda ya gani. Ranar da ta kira ni ta ce, "Ƙanena, shafina ya koma wani abu daban," wa'adin fansa ya riga ya wuce, wani a waje ya kama sunan. Sai da muka sake sabo, ta sake buga leda. Yanzu nata yana asusunta, mun kunna sabuntawa ta kai-tsaye, mun biya shekara uku gaba, ta kuma rubuta ranar ƙarewar a bangon littafin da take lissafin bashi.